Littafin cefane a gidan sabon aure

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, da ƙyar albashin matashin magidanci a unguwar Gawuna ke kai shi ƙarshen wata, duk da gwamnatin Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a 2024. A ganina, inda kuɗin ya fi zurarewa ba a sani ba shi ne ƙananan hidimomi: ɗan garuwa, adaidaita sahu zuwa kasuwar Yankaba, data, sai anko da gudummawar biki, waɗanda kunya ke hana a ƙi. Shi ya sa ya kamata miji da mata su riƙa rubuta kowace naira, su duba tare in wata ya ƙare. Wasu za su ce farashi na canjawa kullum, lissafi ɓata lokaci ne. Ai canjin ne ma ya wajabta shi, domin rubutun zai nuna ko sarin hatsi a kasuwar Dawanau da kaka ya fi awon kwano-kwano sauƙi. Masu cewa ba a bayyana wa mace samu kuwa, ita ce fa ke auna shinkafar kullum, kuma in ta san abin da ya rage za ta san nawa za ta ɗora.