"An Cire" Ba Ta Wadatar Ba: Batun Gefen Nama a Tiyatar Sankarar Mama

Matar da ta taso daga Chikaji zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika saboda ƙullutu a mama, tambaya ɗaya ke ranta idan ta farfaɗo daga tiyata: an cire? In aikin da aka yi mata na cire ƙari ne a bar mama, amsar gaskiya a ranar ita ce ba a gama sani ba tukuna.

Likita ba ƙarin kaɗai yake yankewa ba. Yana haɗawa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, kamar yadda mai ferar doya ke shiga cikin mai kyau don ruɓar ta fita duka. Daga nan a shafe bayan naman da tawada, a yanka shi siri-siri, a duba a madubin likita. Idan ƙwayoyin cutar sun taɓa tawadar, mai yiwuwa an bar saura, kuma galibi sai an koma ɗakin tiyata. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka fitar a 2014 ta ce muddin tawada ba ta taɓa ƙari ba, gefen ya isa. A 2016 aka sanya milimita 2 ga nau'in da bai ɓulla daga hanyoyin ruwan nono ba. Tun a 1981 da 1985 binciken Umberto Veronesi a Italiya da na Bernard Fisher a Amurka suka nuna cewa barin mama, in aka bi shi da gashi, ba ya rage kwanan mai ƙaramin ƙari.

A nan harshe ke shigowa. A kunnen Bahaushe "an cire" magana ce da ta ƙare. Wadda aka sallama da ita, aka sake kiranta bayan kwanaki, za ta ɗauka an yi kuskure ko cutar ta dawo, dangi kuma su ce ƙarfe ya taɓa daji ya harzuƙa shi, a nufi wajen mai magani. Ga kuɗin aiki na biyu da ba a shirya masa ba.

Kamata ya yi tun kafin aikin farko a shaida mata da mijinta, da Hausar gida, cewa hukunci na wajen masu duba naman. Wannan na bukatar tsayayyar kalma. "Iyaka" na nuna layi, alhali abin da ake nufi yana da kauri; "gefen nama" ya fi kusa, ko da yake bai ɗauki ma'anar lafiya ba. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka yana Samaru, tafiyar mintuna kaɗan daga Shika, kuma manazartansa ne suka fi cancanta su zauna da likitoci da malaman jinya a gwada waɗannan kalmomi a kunnen majinyata.