Hadarin da Ya Wuce Ta Kanmu, Ina Ya Nufa?

Wasunku sun ga hotunan guguwar teku da ke yi wa Amurka ɓarna, suna tambaya ko akwai abin da ya haɗa mu da ita, mu da ba mu da teku. Akwai kuwa. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan, tushensu irin hadarin da ke bi ta kanmu ne a damina.

Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne, can sama akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas zuwa yamma, tana tura tarin gajimare daga wajajen Sudan da Chadi, ya ratso ƙasarmu, ya wuce Mali da Senegal, ya faɗa tekun Atlantika. Irin wannan ayari yakan biyo bayan wani duk kwana 3 zuwa 5. A kan tudu ba ya zama guguwar teku, domin abincinta tururin ruwan teku ne mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko fiye. Idan ya samu wannan a kusa da tsibiran Cape Verde, sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi. Guguwar Irma ta 2017 haka ta fara. An ba ta suna ranar 30 ga Agusta, ta isa jihar Florida ranar 10 ga Satumba.

A can akwai masu sha'awar yanayi da ba ma'aikata ba, suna bin hotunan tauraron ɗan Adam suna hasashen inda guguwa za ta sauka. Mu ma za mu iya namu daidai gwargwado, da ido da agogo da littafin rubutu.

Na farko, alamomi. Idan rana ta yi zafi mai ɗumama, iska ta tsaya cik, gabas ta yi baƙi ƙirin, to, a shirya. Iska mai sanyi da ƙura ita ce ke riga ruwa isowa, kuma ita ce ke yaye rufin kwano.

Na biyu, lissafin tsawa. Haske yana iso mana nan take, sauti kuwa yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita 1 a daƙiƙa 3. Da kun ga walƙiya, ku fara ƙirga har ku ji tsawa, ku raba da 3. Daƙiƙa 15 na nufin kilomita 5. Idan lissafi na gaba ya ba ku 9, hadari ya matso. Duk lokacin da ƙirgarku ba ta kai 30 ba, ku shiga ɗaki. Kada ku fake ƙarƙashin bishiya, kada ku tsaya a filin ƙwallo ko kan dutse.

Na uku, taswira. Tsafe tana kudu maso gabas da Gusau, Bungudu kuma tana arewa maso yamma da ita. Doguwar sahun hadari kan yi gudun kimanin kilomita 50 a awa. Saboda haka idan ta sauka a Tsafe, sau da yawa kafin awa guda ta iso Gusau, jim kaɗan kuma ta kai Bungudu. Ɗalibai uku a garuruwan nan, kowa ya rubuta lokacin da iska ta fara a garinsu, za su iya gwada wannan magana da kansu. Kiran waya ɗaya daga Tsafe ya isa Inna ta kwashe shanya, a shigar da dabbobi, a kira ƙanne su dawo gida.

Na huɗu, awon ruwa. Ku nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, ku ajiye shi a fili nesa da indararo da bishiya. Kowace safiya ku auna zurfin ruwan da rula, ku rubuta, ku zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita.

Wannan ba wasa ba ne. Kogin Sakkwato ya bi ta Gusau da Bungudu, kuma iyayenmu ba su manta da ranar 30 ga Satumban 2006 ba, lokacin da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka. Wanda ke rubuta awo zai gane idan an jera kwanaki ana tafka ruwa, ƙasa ta ƙoshi, rafi zai iya cika ko da ba a yi ruwa a unguwarsu ba. A irin wannan rana, gara a makara zuwa makaranta da a tsallaka ruwa mai gudu.

Sai dai mu san iyakarmu. Hasashe ba duba ba ne, lura ce da lissafi, kuma yakan kuskure. Hadari kan haɗu ya watse ba ɗigo. Hukumar NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana da na'urorin da ba mu da su. Idan ta yi gargaɗi, nata za mu bi. Kada kuma mu tura wa mutane saƙon firgici a WhatsApp wanda ba mu san tushensa ba.

Aikinku na wannan mako: kullum da rana ku rubuta “za a yi ruwa” ko “ba za a yi ba”, da dalilinku. Bayan kwana 14 ku ƙirga sau nawa kuka dace, ku nuna wa malaminku na jogirafi, ku aiko mana. Wanda ya kuskure ma ya aiko, domin daga kuskuren za mu fara darasi na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.