Masu Labaran Bincike Suna Nan a Yola da Jimeta, Alƙalami Ne Ba Su Ɗauka Ba

Jama'a, duk mai karanta gajerun labaran bincike, irin waɗanda ake kisa ko sata a shafin farko, asirin mai laifi bai tonuwa sai a na ƙarshe, zai lura da wani rauni a rubutun matasanmu. Labari zai faro da daɗi, amma da an shiga caji ofis ko kotu ko asibiti sai ya kama ɗingishi. A kama mutum da hantsi, kafin la'asar alƙali ya yanke masa hukuncin kisa. Likita ya hango gawa daga bakin ƙofa, ya faɗi sunan gubar da aka sha. Marubucin bai taɓa zama a waɗannan wurare ba, a fim ya gani. Ni a ganina, masu maganin wannan rauni suna cikinmu, kuma yawancinsu ba su taɓa ɗaukar kansu marubuta ba.

Mu duba inda manyan wannan fanni suka fito. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes a 1887, likita ne. Ya yi karatu a Edinbura wajen wani malami mai suna Joseph Bell, wanda kan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Wannan lura ta likita ce ya ɗora wa jarumin nasa. Agatha Christie ta yi aikin jinya da haɗa magunguna a asibitin garin Torquay na Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta yawaita a labaranta, tun daga littafinta na farko a 1920, kuma ba ta faɗar shirme a kanta. Dashiell Hammett na Amurka ya yi aikin bin diddigin masu laifi a kamfanin Pinkerton daga 1915, kafin ya koma rubuta gajerun labarai a mujallar Black Mask. Erle Stanley Gardner lauya ne, zaman kotu ya ba shi Perry Mason. Shi kuwa Raymond Chandler babban ma'aikaci ne a kamfanin mai. An sallame shi a 1932, ya fitar da gajeren labarinsa na farko a 1933 yana da shekara 45. Masu cewa girma ya kama su, ga amsarku.

A gida ma haka abin yake. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921, ya yi aikin gandun daji da na haɗa magunguna da na rediyo, kuma yawon aiki ya taimaka masa wajen labaransa na kasada da ramuwar gayya. A rubutun Hausa kuwa, mafi yawan na gaba-gaba daga aji ko ɗakin labarai suka fito. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne. Sulaiman Ibrahim Katsina, mai Turmin Danya na 1982 wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri, ɗan jarida ne. Malamai da 'yan jarida sun yi mana ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma ina ɗan sandan ciki? Ina rajistaran kotu, da gandiroba, da malamar asibiti?

Ku tsaya ku ƙirga abin da Allah ya tara mana a nan. Jiharmu tana da doguwar iyaka da Kamaru, akwai tsofaffin jami'an kwastan da suka san yadda kaya ke bi ta Gurin ko Belel. Akwai dillalan shanu na Ngurore da Mubi da ke gane saniyar sata daga shaidar da ke jikinta da kuma rawar bakin mai sayarwa. Akwai Fulani da maharba masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su gaya maka shanu nawa suka wuce, kuma da gudu ko da tafiya. Akwai masu kwalekwale a Binuwai da suka san inda ruwa ke kai abin da aka jefa masa. Akwai 'yan kamasho na tashar Jambutu, waɗanda fuskar fasinja ba ta ɓace musu. Ga kuma matsalar 'Yan Shila da ta daɗe tana ci wa mutanen Jimeta tuwo a ƙwarya: masu Keke Napep da 'yan banga da masu gyaran waya a kasuwa sun san yadda wayar ƙwace ke sauya hannu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗauke da labari goma a ka. Ranar da ya rasu, da shi za a binne su.

Wani zai ce sanin aiki daban, iya rubutu daban. Gaskiya ne. James Hadley Chase, wanda iyayenmu da yayyenmu suka yi ta karantawa, Bature ne ɗan Ingila mai tallar littattafai, da taswira da ƙamus ya rubuta labaran Amurka, kuma ya karɓu. Sai dai shi ya zauna ya yi bincike. Abin da nake kira gare shi ke nan: wanda ya iya alƙalami ya je wajen wanda ya san aiki, wanda ya san aiki kuma ya gwada alƙalami. Gajeren labari shafi biyar ne ko shida, ba ya bukatar jari ko maɗaba'a, waya ta isa.

Wani kuma zai ce ai wannan koyar da ɓarna ne, ko tonon asirin aiki. Wannan tsoro yana da tushe, don haka sai an kiyaye. Kada a ambaci sunan kowa, kada a ɗauko shari'ar da mutanen unguwa za su gane masu ita, kada likita ya saki sirrin majinyaci. A ɗauki ilimin, a ƙirƙiri mutanen. Kuma labarin bincike na ƙwarai yana koya wa mai karatu abin da muke matuƙar bukata: zargi ba hujja ba ne. Garin da ihun ɓarawo kan sa a far wa mutum kafin a tambaye shi, yana bukatar labaran da ke nuna cewa wanda kowa ya nuna da yatsa sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Shawarata mai sauƙi ce. A riƙa haɗa zama ko da sau ɗaya a wata, a gayyato dattijo guda da ya yi ritaya, ya bayyana yadda ake ɗaukar jawabin wanda ake tuhuma, yadda ake ba da beli, ko yadda ake gwajin gawa. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya su zo da biro da takarda. 'Yan'uwa mata masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, su ma ga fage. Wanda Fulatanci ya fi masa sauƙi ya rubuta da shi, a fassara.

Idan kana da uba ko kawu ko gwaggo da suka yi irin waɗannan ayyuka, kada ka bari hirarsu ta tsaya a tabarmar ƙofar gida. Ka nemi izininsu, ka ɗauka, ka rubuta. Allah ya sa mu dace.