Wai Magana Ba Ta Warkar da Kowa

Akwai wata jumla da na gaji da ji daga bakin mutanen da suka yi boko, har da wasu ma'aikatan asibiti: wai zama gaban wani a yi ta zuba masa damuwa al'adar Turawa ce, kuma surutu ba ya warkar da ciwo. Mai faɗin haka yakan ƙara da cewa mu muna da dangi, muna da haƙuri, me za mu yi da wani baƙo mai littafi da biro? Ina ganin wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada, domin wanda ke biyan kuɗinsa shi ne mai ciwon damuwa da aka sallama da kalmar "ka daure".

Hujjata ta farko daga Zimbabuwe ta fito. A wajen shekarar 2006, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare ta birnin Harare. Ya ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, ya koya musu yadda za su zauna da mai damuwa su bi matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Shona suna kiran wannan ciwo kufungisisa, wato yawan tunani, sunan da duk Bahaushe zai gane ba tare da tafinta ba. An gwada shirin a asibitoci 24 da mutane 573, aka wallafa sakamakon a mujallar JAMA a 2016. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, yayin da a cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba adadin ya kai kusan kashi 50. Zama shida ne kacal, kowanne bai kai awa guda ba.

A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi da mata ke zaman gida irin na namu, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke zagayawa gida-gida kan harkar lafiya, suka riƙa zantawa da masu juna biyu da ke fama da damuwa. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2008: wata shida bayan haihuwa, kashi 23 ne ke da ciwon a ɓangaren da aka yi wa wannan jinya, kashi 53 a ɗaya ɓangaren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta mayar da shi littafin horo. To, ina Baturen yake a nan?

Masu ja da ni za su ce ai wannan ya tabbatar da maganarsu: kakanni da maƙwabta muna da su tun fil azal. A nan ne nake son a dakata. Abin da tsohuwar Harare ke yi a benci ya sha bamban da abin da gwaggo ke yi idan yarinya ta yi yaji ta dawo gida. Gwaggo ta riga ta san hukuncin da za ta yanke tun kafin yarinyar ta buɗe baki: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, haka muka zauna da ubanninku." Ita kuwa tsohuwar benci an koya mata ta yi shiru tukuna. Tana barin mutum ya lissafa abin da ke cin ransa, ya zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa a wannan makon, su tsara matakin da zai ɗauka, sannan ya dawo su duba abin da ya faru. Kuma abin da aka faɗa a bencin ba ya isa gidan biki. Wannan riƙon sirri kaɗai ya isa ya sa matar da ke tsoron a yi da ita a dangi ta faɗi abin da ta shekara tana haɗiyewa.

Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, ban raina ta ba. Sai dai mun mayar da ita hanyar rufe bakin mai kuka. Miji da mata su yi wata uku ba sa magana, a tara su a zaure, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha a watse, alhali ba wanda ya tambayi abin da ya haɗa su. Mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ya yi rauni.

Jinyar zantawa tana da iyaka. Wanda ciwonsa ya yi tsanani har yana tunanin hallaka kansa, ko ya fara jin muryoyi, likita yake buƙata da magani, kuma a Harare ma irin waɗannan tura su gaba ake yi. Zantawa ba ta biyan kuɗin haya. Amma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano sun yi wa yawancin mutanen karkara nisa, kuma sunansu kaɗai yana korar mai ƙaramar damuwa, don kada a ce ya haukace.

A farkon 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka tana kan takarda. Abin da nake nema daga gwamnatocin jihohinmu shi ne su sa wannan horo a manhajar makarantun koyon aikin lafiya, su fassara littattafansa zuwa Hausa, su kuma ware wa ungozoma ko jami'ar lafiya lokaci da inuwa a kowane asibitin sha-ka-tafi, inda mai jego za ta zauna minti arba'in ba tare da uwar mijinta tana tsaye a kanta ba.