Injin Lexus A Tsohuwar Janwe: Kafin A Sayi Ƙarfi, A Fara Da Birki Da Waya

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a YouTube ko TikTok zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan ba: tsohuwar Hilux ko Land Cruiser, fenti ya koɗe, amma da an ɗaga bonet sai ga inji mai silinda 8 na Lexus zaune a ciki. A murza makulli, ƙara ta cika gareji, masu kallo su yi ta tura alamar wuta. Wannan dashe ya daɗe da karɓuwa a Afirka ta Kudu, Ostareliya da New Zealand, musamman wurin masu jan tirela, kwale-kwale ko wata motar da ta lalace.

Dabarar ba shirme ba ce. Sai dai bidiyon yakan ƙare a daidai inda ainihin aikin yake farawa. Inji shi ne ɓangare mafi sauƙi a wannan aiki. Abin da ke tabbatar da ko motar za ta ja kaya lafiya shi ne birki, sanyaya inji da kuma kwamfutar da ke sarrafa shi.

Me ya sa ake son injin Lexus?

Injin da aka fi dasawa shi ne 1UZ-FE, wanda Toyota ta fitar a 1989 cikin Lexus LS400. Lita 4 ne, an yi gangar jikinsa da alminiyam, yana ba da ƙarfin doki kusan 250. An ƙera shi ne don ya yi gogayya da Mercedes da BMW, shi ya sa aka yi masa aiki mai ƙarko. Da motocin suka tsufa, sai injinan suka cika kasuwannin kayan gwanjo a farashi mai sauƙi.

Masu goyon bayan dashen suna da hujja. Mai tsohuwar motar da injinta ya gaji ba shi da kuɗin sabuwa, alhali shasinta garau yake. Sauya inji ya fi sauya mota araha, kuma babban injin da ba ya wahala da kaya yakan daɗe fiye da ƙarami da ake matsa wa kullum. Wannan gaskiya ne. Matsalar tana cikin abin da ake mantawa.

Ƙarfin doki daban, ƙarfin ja daban

A kwatanta shi da 1HZ, injin dizal mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser da yawa. Ƙarfin dokinsa kusan 130 ne, wato kusan rabin na Lexus. Amma abin da ke tayar da kaya daga tsaye shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm. A nan 1HZ yana da 285, Lexus kuma kusan 353. Ratar ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sannan dizal ɗin yana kai ƙololuwarsa a juyi 2,200 cikin minti ɗaya, shi kuwa Lexus sai ya kai 4,400.

Ma'ana, injin da aka ƙera don tafiyar attajiri a kan kwalta yana buƙatar a taka masa totur sosai kafin ya nuna duk ƙarfinsa. Taka totur da kaya a baya kuma yana nufin shan fetur da yawan zafi. Mai waya ya san wannan: a saka babbar firosesa a wayar da ba ta iya fitar da zafi, minti kaɗan da fara wasa sai ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta. Bambancin shi ne tsohon inji ba ya rage wa kansa gudu. Zai ci gaba har sai ya ƙone gasket. Lagireton da aka yi wa inji mai silinda 4 ba zai iya da zafin mai silinda 8 a kan hawa ba. Haka giyabos mai sarrafa kansa, in ba a ƙara masa abin sanyaya mai ba, ja yana cinye shi.

Inji yana zuwa da makullinsa

Ga inda aikin ya koma na masu kwamfuta. Injin motar alfarma ba ya aiki sai da ECU, ƙaramar kwamfutar da ke karanta na'urorin auna iska, zafi da juyin inji, sannan ta yanke yawan fetur da lokacin tartsatsin fulogi. Na farkon shekarun 1990 ba su da rigima sosai, a ba su wuta da wayoyin da suka dace su tashi. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara haɗa ECU da wani ɗan guntu da ke cikin makulli don hana sata. In lambobinsu ba su dace ba, inji zai juya amma ba zai tashi ba.

Wanda ya taɓa sayen iPhone mai kullen iCloud ya fahimci zafin abin: kaya lafiyarsa ƙalau, amma manhaja ta ce a'a. Motocin baya-bayan nan sun ma fi haka, domin injinsu yana hira da giya, birki da allon direba ta hanyar sadarwar CAN, wadda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. A cire injin shi kaɗai, zai yi ta jiran saƙo daga sassan da aka bari a jikin wata motar.

Shi ya sa a wannan harka sabon inji ba lallai ya fi tsoho ba. Misali mai kyau shi ne OM606, dizal ɗin Mercedes E300 da ake yawan dasawa a Land Rover. Da yawa daga masu dasa shi sukan cire famfon mansa mai aiki da kwamfuta, su sa na tsohon injin OM603 wanda babu ruwansa da ita. Sun zaɓi su koma baya don su samu abin da kowane bakanike zai iya gyarawa a bakin titi.

Ɗaya hanyar ita ce sa wata kwamfutar daban, irin su Haltech, Link, Spitronics, ko Speeduino da aka gina a kan allon Arduino wadda lambobinta a buɗe suke ga kowa. Amma kwamfutar ba ta zuwa da sanin injin. Sai an zauna da laftof an daidaita mata fetur da wuta a kowane mataki. In fetur ya yi kaɗan lokacin da ake hawa da kaya, fistin na iya narkewa. Kuskure a manhajar waya sai a rufe a sake buɗewa. Kuskure a nan kuwa sai sayen wani injin.

Abin da inji ba ya canzawa

Nauyin da kamfani ya amince mota ta ja ba daga inji kaɗai aka lissafa shi ba. Akwai shasi, birki, taya, sifirin da ƙarfen da ake ɗaura kaya. Duk waɗannan suna nan yadda suke bayan dashe. Abin da ya ƙaru shi ne gudu, kuma lissafinsa ba shi da tausayi: motar da ta tashi daga kilomita 60 zuwa 90 a awa, aikin da birki zai yi kafin ta tsaya ya ninka sau biyu da kwata. Tsohon injin da ba ya gudu yana kare direba ne ba tare da ya sani ba. A cire wannan takunkumi, a bar birkin shekara 30 da suka wuce, a ɗaura wata motar a baya, sannan a fuskanci gangara, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Ƙasashen da dashen ya yi ƙarfi sun gane haka. A Ostareliya irin wannan babban sauyi yana buƙatar takardar injiniya, a New Zealand kuma akwai tsarin tantancewa na LVVTA kafin motar ta hau titi. A Ostareliya da Ingila, tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da nata birkin.

Darasi ga na gida

A Najeriya injinan gwanjo suna nan a Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma sauya inji ba baƙon abu ba ne wurin kanikawa. Amma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai janwe da zai bar dizal ya koma silinda 8 na fetur sai ya fara lissafin abin da zai rage masa bayan kowane aiki.

Wanda ya dage sai ya yi, to ya juya tsarin kashe kuɗinsa. Birki da taya su zo farko, sai lagireto da fanka, sai mai haɗa wayar da ya iya karanta zanen wayoyi, ba mai gwada sa'a ba. A sayi inji tare da ECU ɗinsa, wayoyinsa da makullinsa daga mota ɗaya. In kwamfutar tana da OBD-II, ƙaramar na'urar ELM327 da manhajar Torque za su nuna zafin inji a fuskar waya lokacin gwaji da kaya. A kuma gyara lambar inji a takardun mota.

In kuɗin ba su kai a yi duk wannan ba, gara a gyara tsohon injin. Janwe da ke tafiya a hankali ta isa gareji ta fi wadda ita ma sai an nemo mata janwe.