Kafin a tafi kara sayen saniya, a fara leƙa rumbun harawa

Makon jiya a shirinmu na manoma da makiyaya, wani dattijo ya bugo waya daga wajen Yebi. Ya ce ya sayar da tattasai, ya biya bashin taki da na man injin ban-ruwa, abin da ya rage zai sayi saniya guda, guda tak. Jikoki biyar ne a gabansa, yana son su riƙa samun nono. Wace iri zai saya? Kafin mu buɗe baki layi ya cika. Wani ya ce Kuri mana, ai ita ce tamu. Wani ya ce Azawak. Wani matashi daga cikin garin Diffa ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, wasu ƴan shanun Turai da tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, ya ce a nemo irinsu. Lokaci ya ƙare ba mu ba baba amsa ba, shi ya sa muka biyo shi nan.

Ra'ayinmu dai shi ne, mai gida a bakin Komadugu da zai ɗaure saniya guda a turke ya nemi ƙarama, ƴar ƙasa, wadda ta saba da wahalar nan. Mun san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masoya Kuri, kuma mu ma muna cikinsu.

Da, tambayar baba ba ta ma tasowa. Wanda ke Boso ko Yebi ko Barwa, in rani ya yi sai ya tura shanunsa tafki, ruwa na janyewa ciyawa na fitowa ɗanya shar, dabba ta ci ta ƙoshi ba a sayi ko dami ɗaya ba. Daga 2015 lissafi ya sauya. A Fabrairun shekarar aka kai wa Boso da Diffa hari, aka kafa dokar ta-ɓaci, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. Yebi ta karɓi ɗimbin waɗanda suka fito, ita ma a Mayun 2016 aka afka mata, aka ƙone gidaje da kasuwa, a farkon Yuni kuma Boso ta watse, jama'a suka bazu Tumur da Kinjandi da gefen babbar hanya. Garken da aka tara shekara da shekaru ya tafi, wasu an sace, wasu yunwa ta kashe, wasu an karyar wa mahauta. Waɗanda suka koma gida yau daga tushe suke farawa, kuma makiyayar tafki ba ta zama wurin da mutum zai tura yaro da saniya hankali kwance ba. Ke nan saniyar baba a gida za ta kwana, kuma mafi yawan abin da za ta ci daga aljihunsa ko daga gonarsa zai fito.

To a yi lissafi. Malaman kiwo suna da ma'auni mai sauƙi: dabba na cin busasshen abinci kimanin kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinta kowace rana. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar kilo 6 da ɗan wani abu. Mai kilo 400, wato irin nauyin cikakkiyar saniyar Kuri, kilo 10 take so. Ruwan sama a wajenmu bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma cikin wata biyu zuwa uku yake zuba ya ɗauke. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Yuni, kwana 240 ke nan. Ƙaramar za ta ci wajen kilo 1,500, babbar kilo 2,400. Tsakaninsu kilo 900. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin buhun dusa a watan Mayu, ko ya ga yadda kuɗin damin harawar wake ke tashi in bazara ta kama, ya san me kilo 900 ke nufi. Ga ruwa kuma: da zafin Afrilu saniya mai shayarwa ba ta ƙoshi da bido ɗaya, sau da yawa sai biyu, kuma wanda zai ɗebo shi ɗin nan yarinyar gida ce da ya kamata a ce tana lakkwal.

Mun ga abin da idonmu. Kawunmu ya taso daga gefen tafki a 2015, ya zauna a bayan garin Diffa. Da ya ɗan samu sarari, sai ya je kasuwa ya sayo saniyar Kuri fara tas, ƙahonin nan kumbura kamar an hura su. Bai yi shawara da kowa ba, mun kuma gane dalili: saniyar ta tuna masa gida. Da kaka da hunturu abin sai son barka, nono har maƙwabta. Bazara na shigowa ta fara ramewa. Ta ƙi sabawa da busasshen kara, ga rana na dukanta ba ruwan da za ta shiga ta huce. Ya sayar da akuya biyu ya sai mata dusa. Ƙarshenta mahauci ne ya zo da amalanke, kuɗin da ya bayar bai kai rabin abin da aka saye ta ba. Kawu bai sake ɗaga maganar ba, mu ma ba mu taɓa tayar masa da ita ba.

Laifin ba na saniyar ba ne. Kuri dabbar ruwa ce. Ba ta da tozo, asalinta daban da na sauran shanunmu, tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri da garkenta, Buduma suka rene ta a kan ɗanyar ciyawa shekara zagaye. A can tana ba da nono fiye da yawancin shanun tudu, ga sanyin hali, yaro ma zai iya tatsarta. Amma ka raba ta da ruwa ka ɗaure ta a kan rairayi, ka ɗauki kifi ka aza a tabarma.

Sai bidiyon matashin nan. Shanun da ake yawo da hotunansu a Facebook, da yawansu irin da ake kira Dexter ne, daga ƙasar Ailan. Abin dariya shi ne, saniyar Dexter nauyinta na kai wa wajen kilo 300, wato daidai da wadda muke gani kullum a kasuwar Talata. Su Turawa sun saba da Holstein mai kilo 600 zuwa sama, shi ya sa suke ganin wannan ƴar mitsitsiya. Kuma ƙasarta ƙasar yayyafi ce da koren ciyawa. Ko da an yi dabarar kawo ta, wa zai raba ta da zafin da ke haura digiri 40, da kaska, da ƙudan bakin kogi? In ta kwanta ciwo, wane bijimi, wane magani? Akwai kuma ƙananan gaske a kusa da mu, Muturu ta kudancin Najeriya, tsayinta wajen mita ɗaya. Ƙarfinta shi ne jure sammore a cikin kurmi, amma nononta da ƙyar yake isar maraƙinta, masu ita ma ba su cika tatsa ba. Wanda ke neman nonon jikoki ba shi da abin yi da ita.

Jar saniyar Bororo ba sai mun daɗe a kanta ba. Doguwa ce, mai dogon ƙaho, an yi ta don tafiya, mai ita kaɗai take saurare. A ɗaure ta a tsakar gida da yara na rarrafe, wannan neman magana ne.

Azawak kam tana da hujja. Matsakaiciya ce, ta saba da fari, kuma an daɗe ana aikin zaɓen irinta a tashar Tukunus ta wajen Filinge, har sunanta ya kai ƙasashen maƙwabta wajen nono. Sai dai abu biyu. Na farko, yawan nonon da ake faɗa na tasha ne, inda akwai abinci da likita a kusa. A turken talaka da rani, lissafin ya kan sauka ƙwarai. Na biyu, daga yamma take zuwa, tafiyar ta fi kilomita 1,000, don haka ta asali tana da tsada, kuma ba kowace jar saniya mai gajeren ƙaho da dillali ya kira Azawak ce Azawak ba. In ka samu wadda aka haifa a nan, ko ruwa-biyu wadda ka san uwarta, ba laifi.

Wadda ba wanda ya ambata a shirin, ita muke ganin ta fi dacewa da baba: saniyar Larabawan Shuwa, wadda a Borno ake kira Wadara. Ba ta da kyan hoto. Gajera ce, ƙaho ɗan kaɗan, tozo ƙarami, wata ja-wur, wata baƙa, wata dabbare-dabbare. Amma a ƙasar nan ta tashi, tsakanin laka da rairayi, ta san damina mai sauro ta san rani mai ƙura. Matan Shuwa ke tatsarta, su ke kaɗa man, kuma a kan takarkaran irinta suke ɗora kaya da yara in za a yi ƙaura, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka halinta. Nononta ba zai cika ƙwarya biyu ba, amma in ka auna shi da abin da ta ci, ta fi manyan riba. Kuma in bazara ta yi tsanani ta rame, ruwa na sauka take maido jiki. Ba ma cewa lalle sai mai sunan Wadara. Shanun kwarin nan sun gauraya tun tuni, abin da muke nufi shi ne wannan ƙirar: ƙaramin jiki, gajeren ƙaho, sanyin kai, haihuwar yankin.

Ranar kasuwa kuma, baba, kar ka je kai kaɗai, kar kuma ka bar wa dillali zaɓi, shi la'adarsa yake nema. Tafi da wanda ya san dabba. A buɗe baki a duba haƙora: manya biyu a gaba, karsana ce mai shekara 2 zuwa 3, za ka ciyar da ita wataƙila shekara guda ko fiye kafin ka ga ɗigon nono, takwas da suka fara cinyewa, ta kusa gama aiki. Wadda ta yi haihuwa ɗaya ko biyu, da maraƙinta a gefe, ita ce abin nema, ko da ta ɗan fi tsada. A tatsa a gabanka, a taɓa hantsa a tabbatar duka nonuwan huɗu na zuba. Mai tari ko mai numfashi sama-sama, ko kyauta aka ba ka ka bar ta, ciwon huhu na iya shafe shanun unguwa duka. Tana shiga gida a kai ta ga ma'aikatan kiwo, akwai allurar rigakafin da gwamnati ke zagayawa da ita kowace shekara. Mu na bakin kogi muna da ƙarin abu guda, tsutsar hanta da dabba ke ɗauka a ciyawar tabkuna in Komadugu ya janye, don haka maganin tsutsa ya shiga cikin lissafi tun farko.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Saniya guda ba ta ba da nono shekara zagaye. Ciki wata tara ne da ƴan kwanaki, kuma a irin ciyarwarmu tazarar haihuwa kan kai shekara ɗaya da rabi, wani lokaci biyu. Tsakani akwai watannin da za ta ci ba ta bayar da komai sai taki, ko da yake mai gonar tattasai ba zai raina takin ba. Saboda haka in kuɗin ya isa, a haɗa mata da akuya biyu su toshe giɓin. In kuma bai isa saniya da abincinta na rani ba, wallahi gara awaki huɗu ko biyar. Ba abin kunya ba ne. Jar akuyar Maraɗi ta raini ƴaƴan mutane da yawa, tana yawan haifar tagwaye, kuma in ɗaya ta mutu ba dukiyar gida ce ta tafi gaba ɗaya ba. Fulaninmu ma suna da habbanaye, a ba ka aron karsana ka riƙe har ta haihu, ƴaƴan naka, uwar ta koma wa mai ita. Ƙungiyoyin agaji sun kwaikwayi tsarin da awaki. Wanda ke da amini a ruga, ya fara gwada wannan ƙofar kafin ya kwance ɗaurin kuɗinsa.

Sai a kula da bijimin da zai hau ta. In tana bin garken gari da safe ta dawo da yamma, a gaya wa makiyayi kar ya bar ƙaton sa ya bi ta. Ƙaramar saniya da ɗan babban bijimi a ciki, wurin haihuwa ake jin jiki.

Mun san abin da masoya Kuri za su rubuta a ƙasan wannan rubutu: in kowa ya guje ta, ai ta ƙare ke nan. Damuwar gaskiya ce. Tun farin 1973 da na 1984 tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke, makiyayan tudu suka gangaro, jini ya gauraya, Kuri tsantsa ta yi ta raguwa, rikici kuma ya zo ya ƙara. Amma wa ya kamata ya ɗauki nauyin ceto ta? Akwai cibiyar Sayam da aka kafa don wannan aikin, akwai ma'aikatar kiwo, akwai masu garke da suka gaje ta, waɗanda abin da suke jira shi ne tsaron da zai maida su tsibiransu. Su za a tallafa wa, su za mu yi ta kira a rediyo ana tambayar ina aka kwana. Ba daidai ba ne a ɗora wannan kaya a wuyan dattijon da ya gudu sau biyu ya dawo, da kuɗin tattasan shekara guda a aljihu.

Baba na Yebi, in wani jika ya karanta maka wannan, ga aikin da muke roƙonka kafin shiri na gaba: ka ƙirga damin harawa da karan da ka ajiye, ka tambayi kuɗin buhun dusa a kasuwarku, ka kuma gaya mana nisan inda kuke ɗebo ruwa. Sai ka sake bugowa, za mu sa ka farkon layi, mun kuma gayyato wani malamin dabbobi da zai yi lissafin tare da kai.