Ido Ba Mudu Ba Ne: Mu Auna Ruwanmu

'Yan'uwa manoma, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan gaskiya ce a kasuwar hatsi. A bakin kogi kuwa ido ba ya wadatar da mu, gama ruwa yana iya zama garau, ba wari, alhali yana ɗauke da dalma ko wani ƙarfe mai guba.

Kogin da ya ratsa Wudil daga nesa ya fito. Kogin Challawa da kogin Kano ne suka haɗu suka gangaro mana. A yankin Challawa da Sharaɗa akwai kamfanonin jimar fatu, jimar zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe ake yin ta, wai shi kuromiyam. Da ruwan nan muke ban ruwan tumatir da albasa, a cikinsa ake su, shi dabbobinmu suke sha. Ashe bai kamata mu san abin da ke cikinsa ba?

Ku tuna da Zamfara a 2010. Yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Sai da aka auna jini gaskiya ta fito.

Wata 'yar na'ura da aka yi aiki da ita a can, mai suna LeadCare, mutum yana iya ɗaukarta a jaka. Ana ɗiga jinin yatsa a cikin magani, a zuba a kan wani ɗan falle. Lantarki ya jawo dalmar ta manne a jikin fallen, sa'an nan a juya lantarkin ta sake. Ƙarfin lantarkin da ya gudana yayin sakinta shi yake nuna yawanta. Minti 3 an gama. Da irin wannan dabara ake auna dalmar ruwa ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha, wato kashi 1 cikin miliyan 100. Wane ido zai ga wannan?

Wani zai ce awo da tsada, gara a tafasa ruwan. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da dalma. Tsada kuwa, ai domin irinta muka kafa ƙungiyoyin gama kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ita ce, kowace ƙungiya ta ware kuɗin awo kamar yadda take ware na taki. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a nan Wudil. Shugabanninmu su je su nemi shawarar malamanta a kan auna ruwan kogi da na rijiyoyi, musamman da rani sa'ad da ruwa ya ja baya. In ruwan lafiya yake, mun sami kwanciyar rai. In da guba, mun sami takardar da za mu kai gaban hukuma. Ku kawo maganar nan a taronku na wannan wata.